Shanyar Fayafayan Baba

Kalgo, Jihar Kebbi.

Zuwa ga Yaya Haliru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti Sadiya da yara. Yaya ruwan Fatakwal? Mu nan alhamdu lillahi, an fara girbin gero, kuma Inna ta fita takaba makon jiya, sai dai ta rame ƙwarai. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa.

Na zaɓi in rubuto maka ne don na san in na kira ka kuka zai hana ni magana. Ka san aikin da nake yi shekara biyu ke nan, wanda kake tsokanata da shi kana cewa na zama malamar tsofaffin kaya. Ina bin gidaje ina ɗaukar hoton fayafayan garmaho, in shigar da sunan waƙa da na mai waƙa da lambar faifai a rumbun bayanai na kwamfuta, in naɗi sautin, sannan in raba wa duk mai so ta waya. Na je Diggi, na je Maruda, har wani tsoho a Wurogauri ya aiko min da nasa cikin buhun taki. Yanzu akwai faifai ɗari shida da goma sha biyu a ciki. Yaya, babu na Baba ko ɗaya. Sau uku yana ce min in zo Gwandu mu zauna ya faɗa min labarin kowanne, ni kuwa ina ce masa nasa ai na gida ne, ba inda za su je, bari in gama da na mutane.

Da ya rasu, Kawu Bawa ya kulle ɗakin, ya ce kada a taɓa ko allura sai ka zo an yi rabon gado. Ban yi musu ba, don haka ake yi. Ashe kwanon ɗakin ya huje daidai saman akwatin fayafayan, damina guda ruwa na ɗiga ba wanda ya sani. Ranar da Inna ta fita takaba ta ji warin ruma, ta roƙi Kawu ya buɗe. Suka tarar da akwatin sharkaf. Inna ba ta jira kowa ba. Ta ciro su ɗaya bayan ɗaya, ta ɓare jiƙaƙƙun takardun da suka manne, ta wanke su da sabulu, ta jera su a kan tsohon kwanon da take shanya kuɓewa a tsakar gida. Ka san zafin ranar ƙarshen damina. Da azahar ma sai da ta bi ta juya su, don kowane gefe ya bushe.

Jiya na je na gani. Duk sun lanƙwashe kamar busasshen ganye, wasu sun tsage, kuma tambarin tsakiya mai ɗauke da suna da lamba ya tafi a ruwan sabulu. Rubutun ajamin da Baba ya yi a jikin takardun, inda ya sayi kowanne da wanda ya ba shi, kaji sun tattake shi a bayan madafa. Na zo da su Kalgo na ɗora biyar a kan garmahona, allura sai tsalle take yi. Su arba'in da bakwai ne, a cikinsu akwai wanda kakarmu Jidda ta yi amshi a bayan wata zabiya tun tana budurwa, wanda Baba yake kunnawa duk ranar Sallah ya saurara har ya ƙare. Ba mu da hotonta, muryar nan kaɗai ta rage mana. Yanzu ko gane wanne ne a ciki ba zan iya ba. Wallahi zuciyata ta karye, kuma ba Inna nake zargi ba, kaina nake zargi.

Ga roƙona. Ba kwafi ɗaya ake bugawa ba, wataƙila wani yana da irinsa a ajiye, kuma mutanen da nake raba wa rumbun suna da yawa, har Sakkwato da Dosso. Amma ba zan iya cigiyar abin da ban san sunansa ba. Ni lokacin ina ƙarama, hankalina na kan tuwon Sallah. Kai ne kake juya wa Baba hannun garmaho. Ka zauna ka tuna min launin tambarin, ko sunan zabiyar, ko baiti ɗaya. In kalmomin sun ɓace maka, ka rera karin a waya ka turo, ba zan yi maka dariyar murya ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Inna ba ta san sun lalace ba. Da fara'a ta ba ni labari, irin fara'ar da ban gani a fuskarta ba tun rasuwar. Ta ce Allah ya sa ta cece su da wuri, sun ɗan karkace amma za su miƙe in sun huce. Ban faɗa mata gaskiya ba, na ce mata sannu da aiki. Don Allah in ka kira ta kada ka nuna ka sani, sai mun yi shawara.

Kawu Bawa yana gaishe ka, yana tambayar ranar zuwanka. Ka gaida Anti Sadiya, da Mubarak, da Amatullahi. Inna ma tana gaishe ka. Ta ce in faɗa maka ta sa an share ɗakin Baba, kuma ranar da ka iso tana so mu zauna mu uku ka kunna mata faifan Jidda.

Ƙanwarka mai kewarka,
Rahmatu