Takalman Baƙin Kawu a Ƙofar Coci

Morrisania, Bronx

Zuwa ga Yayata Hawawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya ke da maigida da yara. Allah Ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafarta, amin. Mu nan lafiya lau, sai dai tun Asabar Kawu Kadri ko gaisuwata ba ya amsawa, shi ya sa na rubuto kafin ya riga ni wurin Inna.

Kin san Kawu yana tuƙa motar masu yawon ganin tsoffin gine-gine, ni ina ɗaukar musu jaka. To ranar Asabar ɗin ya kai mu unguwar Jamaica a nan cikin birni, wani tsohon gidan wasan kwaikwayo da aka mayar coci. A bakin ƙofa na tuɓe takalmi, sabo da masallaci kawai. Wata tsohuwar Baturiya ta tambaye ni dalili, ni kuwa na haɗe rai na ce mata wurin ibada ne, ba a shiga da takalmi. Yaya, baƙo ko da ido makaho ne! Kaf ɗinsu suka tuɓe, har da mai yagaggiyar safa, suka shiga suna sanɗa a kan daɓe mai sanyin ƙanƙara. Manya da furfura sun saki baki suna kallon rufin da aka shafa wa shuɗin fenti aka lilliƙa ƙwan lantarki, wai taurari ne. Jagoransu sai kumbura yake, wai ginin ya doshi shekara ɗari. Ko turmin Kaka ya girme shi, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukarsa hoto!

Can mai gadi ya tarar da tulin takalma kamar ranar Juma'a, ya tambayi wane ne ya ba da wannan doka. Duk suka nuna ni.

Kawu ya ce na zubar masa da mutunci, in kwashe kayana daga ɗakinsa, ga sanyi ya ƙarato. Don Allah ki lallaba Inna ta kira shi, ita kaɗai yake jin kunya. Ki ce zan durƙusa in ba shi haƙuri, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Amma kalmar wada ɗin nan kar ta kai kunnensa.

Ki gaida Inna, da Baba Abukari, da Shamima sarkin kuka.

Ƙanenki da ba ya jin magana,
Tamimu