Mashigin da Na Nuna Maka

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina rubuto maka ne kwana tara da kai ka makwancinka, domin akwai maganar da na kasa faɗa wa masu ta'aziyya.

Ranar Asabar ɗin nan ka kira ni daga Bungudu. Za ka kai wa Inna, kakarka, maganinta a ƙauyenmu da ke wajen Kekun Waje, ga shi babur ɗinka ya lalace. Ka tambaye ni ko gulbi zai ƙetaru da ƙafa. Ina Gusau, idona na kan takardun ɗalibai, na ce maka, "Bi ta gindin tsamiya, ruwan bai wuce gwiwa ba." Ka ce, "To, Baba." Ba ka ƙara tambayar kowa ba.

Rabona da mashigin nan shekara talatin. Ina yaro na sha ratsa shi da damin gero a ka. Ban san cewa da rani masu tifa sun kwashe yashin wurin ba, sun bar ramin da zai shanye mutum biyu a tsaye, damina ta zo ta rufe shi. A ido, ruwan yana nan yadda na bar shi.

Da masunta suka fito da kai, ledar maganin tana ɗaure a hannunka. Babbansu ya dube ni ya ce, "Malam, ai ko yaran garin nan sun san ba a bi ta nan. Wa ya nuna masa?" Ni ne, ɗana, ni da na ƙare rayuwata ina koyar da labarin ƙasa.

Abin da ya kamata in ce maka kaɗan ne: tsaya, tambayi mutanen bakin gulbi, ka sa sanda a gaba, in ka yi shakka ka koma.

Jiya tifa ta juye yashi a ƙofar gidanmu a Tudun Wada, na ɗakin da nake gina maka. Na kasa tambayar direban inda ya ɗebo shi.

Mahaifiyarka tana ta ba ni haƙuri, tana cewa kwananka ne ya ƙare. Na yi imani da haka. Amma ba ta san wanda ya nuna maka hanya ba. Yau bayan La'asar zan gaya mata da bakina.

Ka yarda da maganata, ɗana. Ka yafe mini.

Allah Ya karɓi shahadarka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba mahaifiyarka ikon jin abin da zan faɗa.

Naka,
Baba