Ƙuri'a Ashirin da Uku a Waya Ɗaya

Litinin, 13 ga Janairu 2025

Ƙarfe huɗu da minti goma sha bakwai na yamma, ina zaune kan dakalin ƙofar gida, don nan ne kaɗai rezon waya ke kamawa, sai Malam Garba na rediyon unguwarmu ya kira ni.

Ikhlas Maina ta yarda! Marubuciyar nan mai labaran kimiyya da Hausa, labaran taurari da zamanin da bai zo ba, wadda shekara uku ke nan muna bin littattafanta babi-babi a grup ɗinmu na waya. Ta ce masu karatu na Diffa su zaɓi ɗaya cikin littattafanta uku, a riƙa karanta shi a rediyo duk Asabar, da Hausa da Kanuri. Kuma da kanta za ta zo daga Damagaram ranar buɗewa.

Malam Garba ya ce, "Haula, ke ce lisans ɗinki na jami'a bai huce ba, ke za ki ƙirga." Wata biyar da gama jami'a, wannan ne aiki na farko da aka ba ni wanda babu tukunya a ciki.

Na kafa doka, na aika grup: lamba ɗaya, ƙuri'a ɗaya. A rufe Juma'a da azahar.

Talata, 14 ga Janairu

Na sayi sabon kaye, wato littafin rubutu, da bik mai jan tawada. Layi uku na ja.

Rana Biyu: zaɓina ke nan, ba na ɓoye wa kaina. Duniya mai rana biyu, kuma na bi lissafin kwanakinta da kaina, bai karkace ba ko sau ɗaya.

Birnin Ƙasan Tafki: ba laifi.

Jirgin Iri: mutanen da duniyarsu ta ƙi su, suka shiga jirgin sama jannati da irin shuka, suna neman inda za su sauka. Mutane na son kuka da shi. Ni kurakurai bakwai na samu ciki. Tattasai ya nuna a kwana arba'in! Duk ɗan bakin kogin Komadugu ya san ƙarya ne.

Laraba, 15 ga Janairu

Saƙo tamanin da takwas. Inna ta ce ko aljanu ne ke kirana.

Juma'a, 17 ga Janairu

An rufe. Sau uku na ƙirga, sau uku abu ɗaya ya fito. Lamba 143. Rana Biyu 61, Jirgin Iri 47, Birnin Ƙasan Tafki 35.

Alhamdu lillahi! Na aika wa Malam Garba, na aika grup, na aika wa ita Ikhlas Maina ɗin kanta. Ta amsa cikin minti shida: "Sannu da aiki, ƙanwata. Allah ya yi albarka." Ƙanwata! Na karanta ba adadi. (Sau goma sha ɗaya.)

Asabar, 18 ga Janairu

Ban ci abincin rana ba.

Ƙarfe goma da rabi wata lamba ta kira, mai ƙarewa da 41. Muryar tsohuwa, Hausarta da nauyin Kanuri. Ta ce ita ce Ya Fanna daga Assaga, inda masu gudun hijira ke zaune. Bayan gaisuwa ta ce, "Ɗiyata, ke ce mai ƙirga? To mu nawa kika ƙirga mu?"

Na duba kaye. Lambar tana nan, Jirgin Iri, ɗaya. Na ce ɗaya, Ya Fanna.

Na ji dariyar mata da yawa a bayanta. Ta ce, "Ɗaya! To wace ce ɗayar, mu san wadda ta fi mu?"

Na koma kan saƙonsu na ranar Laraba. Saƙon murya ne, minti uku da daƙiƙa goma sha biyu. Ni daƙiƙa tara na saurara, na ji an ce Jirgin Iri, na sa alama na wuce. Yau na saurara har ƙarshe. Mata ne ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta faɗi sunanta da sunan littafin ta miƙa wa ta kusa. Ashirin da uku. Wata har da tari, wata jaririnta na kuka.

Tazarar goma sha huɗu ce. Idan na ƙara ashirin da biyu, Rana Biyu ya faɗi.

Dokata tana bayana, lamba ɗaya ƙuri'a ɗaya, kowa ya gani. Ba wanda zai ce na yi kuskure. Kuma in na janye, dole in rubuta wa wadda ta kira ni ƙanwata in ce ban iya sauraron saƙo ba.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na gaya wa Malam Garba. Ya ce, "An riga an sanar, Haula. Amma ke kika ƙirga, ke za ki yanke. Kafin Laraba dai, za mu fara talla."

Ban yarda da murya kawai ba. Mutum ɗaya na iya sauya murya. Gobe zan je in gani da idona.

Litinin, 20 ga Janairu

Minti ashirin da biyu a mota. Na same su ƙarƙashin rumfa, tattasai shimfiɗe ja wur a kan buhuna, suna tsince ruɓaɓɓe. Atishawa bakwai na yi kafin in gama sallama, su kuwa ko a jikinsu.

Mai wayar sunanta Tasalla, surukar Ya Fanna, uwar 'ya'ya uku, ta yi makaranta kafin gudun hijira. Ita ke karanta musu suna aiki, tana juyawa da Kanuri. Shekara biyu suna haka. Duk ukun sun gama, Jirgin Iri sau biyu. Da na kafa dokata ban taɓa tunanin waya ɗaya na iya samun kunne arba'in da shida ba. Tsorona a lokacin kar mutum ɗaya ya jefa ƙuri'a sau biyu ne.

Na zo da tambayoyi biyar a rubuce don in gwada ko da gaske sun san littafin. Ta farko kawai na yi: wa ke tuƙa jirgin? Suka amsa tare, sannan suka hau gardama kan ko ya kyauta da ya rufe ƙofa ya bar ƙanensa. Ba a sake waiwayata ba sai bayan kusan minti goma.

Don in nuna ni ma na karanta, na ce ai littafin da kurakurai, tattasai ba ya nuna a kwana arba'in. Ya Fanna ta ajiye wanda ke hannunta. "Yanzu kika sani? Kwana biyu muna yi wa marubuciyar dariya. Kuma ta sa iri a gwangwani an rufe, babu toka. Wa ke ajiye iri haka? Yarinyar nan ba ta taɓa riƙe fartanya ba." Suka lissafo mini goma. Uku daga ciki ban gani ba. Ni mai lisans.

Na ce to me ya sa shi kuka zaɓa?

Tasalla ta ce saboda tsohuwar cikin jirgin, wadda aka ce kowa ya bar kayansa, ita kuwa ta ɗinke iri a bakin zanenta ta shiga. Ta ce ranar da ta karanta wurin ba ta iya juya shi da Kanuri ba, muryarta ta ƙi. Ya Fanna ta nuna buhunan da baki ta ce, "Waɗannan jikokin irin da na ɗinke a bakin zanena ne. Ranar da muka fito ko tabarma ban ɗauka ba." Sai ta ce in matsa, inuwata na kan tattasai.

Na ƙirga kai: ashirin da ɗaya. Ɗaya ta haihu, ɗaya ta tafi Baroua ta'aziyya. Da zan tafi Ya Fanna ta ƙulle mini iri a tsumma ta ce, "Ki shuka, ki ƙirga kwanakin, ki aika wa marubuciyarku."

Talata, 21 ga Janairu

Adalci ya zama na kowa. Na tambayi grup ko akwai wata wayar da mutane da yawa ke karatu da ita. Rana Biyu ya ƙaru da biyar, Birnin da biyu. Na yi murna da na ga biyar ɗin, ba zan musa ba.

Sabon sakamako: Jirgin Iri 69, Rana Biyu 66, Birnin 37. Ko na cire biyun da ban gani da ido ba, 67 da 66 ne.

Sau huɗu na goge saƙon kafin in aika wa grup da Ikhlas Maina. Na rubuta daƙiƙa tara ɗin ma, ban rage komai ba. Wani a grup ya ce an yi maguɗi. Wani ya ce lisans ɗin tattasai gare ni.

Laraba, 22 ga Janairu

Ikhlas Maina ta amsa! Saƙon murya, kuma na saurara har ƙarshe. Ta ce in tura mata kurakuran goma, kuma in tambayi Ya Fanna ko za ta karɓi baƙuwa ranar buɗewa. Ba ta ce ƙanwata ba wannan karon. Haula ta ce.

Alhamis, 23 ga Janairu

Ƙuri'ata tana Rana Biyu, nan za ta zauna. Ba a sauya ƙuri'a bayan an rufe. Na sake karanta Jirgin Iri ne kawai, da bik ja a hannu, don in tabbatar da kurakurai ukun da ban gani ba.

Abubuwan da ban sani ba har yanzu:

Wayoyi nawa ne irin ta Tasalla tsakanin nan da Yébi, da ba su ma ji an yi zaɓe ba.

Wa zai karanta na Kanuri a rediyo. Na ba Malam Garba sunan Tasalla, bai amsa ba.

Ko za a gyara kwana arba'in ɗin ko a bar shi. Ya Fanna ta ce a bari, mutane su samu abin dariya.

Kwana nawa irin da na zuba a tsohon bokitin Inna zai yi kafin ya tsiro. Yau kwana uku.

A wane babi na ajiye bik ɗin ja. Na kai ƙarshen littafin sannan na gan shi a ƙasa, da murfinsa a rufe.