Kabad ɗin da Na Auna da Hannunki

Madarumfa, bakin tafki.

Zuwa ga Lai'atu 'yar Malam Kalebu, furen bado mai buɗewa a kan tafki kafin masunta su tura jirage, ruwan sabon tulu, inuwar tsamiya a tsakiyar bazara, shamuwar da idona ke nema a sama tun hadari bai haɗu ba. Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji, gaisuwar mutumin da ƙafafunsa ke tsaye amma zuciyarsa ta durƙusa.

Ki fara sanin wannan: babu wanda ya rubuta mini takardar nan. Ni, Yoshiya kafinta, wanda manyan gidajen garin nan ke jiran aikinsa, na zauna a bencin karatun manya na majami'a, na koyi baƙi da wasali, domin kada wani ya shiga tsakanin bakina da kunnenki. In kin ga layi ya karkace, ki yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da zarto.

Jiya gwaggonki Loisa ta zo shagona. Ta sha ruwa, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta: an sa ranar aurenki da Ruben na Maraɗi bayan girbi, kuma kin ce a cikin kayan ɗakinki ba ki son kabad ɗin kowa sai wanda na kafa a ɗakin girkin gidana. Har ta tambayi kuɗinsa. Lai'atu, hasken idona, ana tambayar mutum kuɗin haƙarƙarinsa?

Kin tuna ranar awo? Bayan sujadar Lahadi kuka biyo ke da gwaggo don ku ga ɗakin. Na roƙe ki ki tsaya jikin bango ki miƙa hannu sama, kamar mai ɗauko tukunya. Kika yi dariya, kika ce ba a taɓa auna ki ba sai wurin tela. Na ja alli daidai inda yatsunki suka tsaya, na sake ja daidai ƙugunki, domin teburin yanka kuɓewa kada ya sa bayanki ciwo. Zanen allin yana nan a bayan katako. Gumin damina bai share shi ba, ni ma ban share ba.

Na san abin da ake faɗi a gari. An ce na bar yarinya tana jira, ina gadin katako. Gaskiya ne na ce ba za a yi biki ba sai ɗakin girki ya kammala, kuma ɗakin ba zai kammala ba sai katakon maɗacin da na saya ya bushe. Ɗanye ya zo mini. Na jera shi a inuwa, na sa ƙananan itatuwa tsakanin allo da allo don iska ta ratsa, na bar rani ya wuce a kansa, damina ta wuce, wani ranin ya sake zagayowa. Ɗanyen katako maƙaryaci ne, Lai'atu: ranar biki yana sheƙi, shekara na kewayowa ya tanƙware, ƙyaure ya ƙi rufuwa, ɓera ya sami hanya. Ashe zan kai ki ɗakin da zai kunyata ki a gaban ƙawayenki na zumuntar mata? Daga nan har garuruwan Safo da Sarkin Yamma babu kafintan da ya san hucin tafkin nan kamar ni. Na auna komai, na san lokacin bushewar kowane allo. Lokacin da haƙurinki zai ƙare ne kaɗai ban iya aunawa ba.

Ga abin da gwaggo ba ta sani ba. Bangon ɗakina na ƙasa ne da aka shafe da siminti, yana da tudu a tsakiya kamar cikin saniya. Sai na bi tudun, na sassaƙe bayan kabad ɗin kaɗan-kaɗan har ya kwanta a jikin bangon, ko tsinke ba ya shiga tsakaninsu. Bangon Ruben kuwa na bulo ne, miƙaƙƙe. In aka jingina shi can yadda yake, rami zai buɗe a baya, kyankyasai da danshi su yi gida. Don ya zauna a Maraɗi dole in sa makankari in daidaita bayansa. Ranar da na yi haka, ya rabu da bangona har abada, domin abin da ƙarfe ya cire daga katako, hannu ba ya mayar da shi.

Duk da haka ba zan hana ki ba, kuma ko dala ba zan karɓa ba. Sai dai ki ji yadda ake riƙonsa, tun da ba ni ne zan kasance kusa ba.

Kada ki kwara masa ruwa. Tsumma mai ɗan laima ya isa, ki bi da busasshe nan take. Kada soson ƙarfe ya taɓa fuskarsa. Tukunya in ta sauko daga wuta, ki ajiye ta a kan faifai, domin tabon zafi ba ya fita. Ki tambayi ƙirjina. Kwanukan da kika wanke, su bushe a rana kafin su shiga ciki. Murhun gawayi ya yi nesa da shi. Ƙarafan ƙyamaren in sun fara kuka, ki ɗiga musu man keken ɗinki, ba man gyaɗa ba, shi yana kiran tururuwa. Da damina ƙyauren hagu zai ɗan cije. Ina roƙonki, kada ki bar mijinki ya kira wani ya yanke shi. Kumbura ce ta ɗan lokaci, rani na shigowa zai koma wurinsa. Abu ne da ke son a jira shi kawai. Ƙafafunsa na ɗora su a kan ƙarfe saboda gara, amma ki riƙa leƙawa ƙasa. In kin ga siririn layin ƙasa yana hawa, ki karya shi a ranar. Gara ba ta sallama, daga ciki take ci, fuska na sheƙi alhali ciki ya zama gari. Haka nake yawo a kasuwa yanzu, ana gaishe ni ina amsawa.

Wayyo, Lai'atu! Ni ne gawon da ke zubar da ganye lokacin da kowane itace ke tsiro. Gero ya yi kai, tafki ya cika har gindin lambuna, kowa na murna, ni kuwa ina cin tuwo a tsaye gaban kantocin da ba kowa a kansu. Wace mace zan kawo ta miƙa hannu inda aka auna da naki? In ta fi ki tsawo za ta sunkuya, in ba ta kai ki ba za ta yi ɗage, kowace safiya katakon zai faɗa mata ba don ita aka yi shi ba.

Gwaggo ta ce mai amalanke zai zo ɗauka ranar Asabar. Na wasa makankarin, yana kan benci, na rufe shi da tsumma don kada in riƙa ganinsa. In akwai sauran wurina a ranki, ko kamar ƙwayar gero, ki aiko da kalma ɗaya kafin ranar: bari. Zan iya karanta ta da kaina. In ba ki aiko ba, zan cire ƙusoshin da hannuna, in kankare bayan ya miƙe sarai, yadda ko Ruben ba zai sami abin kushewa ba, domin ban taɓa fitar da aikin banza ba, ba kuma a kanki zan fara ba.

Bangon kuwa ba zan shafe shi ba. Kabad ɗin na fita, zanen allin nan biyu zai bayyana, ni da shi za mu zauna.

Naki, muddin hannun nan na iya riƙe zarto, da bayan ya kasa,

Yoshiya kafinta.