Kan Kifi a Kochi

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafarki, yaya yayata Moyna? Ni lafiya lau, ƙanƙarar adana kifi ce kawai ta ɗan tsattsaga min hannu.

Aikin kamfanin kifin nan na birnin Kochi ya ɗaure min kai. Kan kifin da kike ajiye wa mijin Moyna don girmamawa, a nan shara ne. Niƙa shi muke, garin wai yana ƙara lafiya. Rannan kewar miyarki ta kama ni, na ɗauki ɗaya. Shugabanmu Kuriyan ya ce, "Ajiye, malam, wa ke cin shara?" Sannan ya danna wa ɗakin da ake tara kawunan kwaɗo. Inna, ana kulle shara?

Ki sa min albarka. In na dawo, ko surukin naki na nan, kan kifin nawa ne.

Ɗanki,
Shofikul