Idon Malam na jiran ka

Limawa, Jimeta

Zuwa ga Hamman su Dija,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Yaya Garwa, yaya aikin asibiti? Nan Dija lafiya lau, Goggo ta warke daga zazzaɓi, ni ma alhamdu lillahi. Malam ne dai idonsa ya ƙara rufewa. Jiya sai da Dija ta yi magana ya gane 'yarsa ce.

Da kaina na karanta wasiƙarka, ajin yaƙi da jahilci bai tafi a banza ba. Kalma ɗaya ce ta tsayar da ni, inda ka ce "devoir" ya hana ka zuwa sallah. Na kai wa telan nan mutumin Kamaru, ya ce Faransanci ne, wai nauyin da ke wuyan mutum, wanda ba ya sauka sai an yi shi. Na ce madalla, ashe ka san shi.

Ga albishir. Za a turo likitan ido daga Maiduguri kwana goma bayan tsayuwar wata, kuma a asibiti sun ce yanar ido ce kawai, tana ciruwa. Mahaifinka ya yarda, amma ya ce, "Wuƙa ba ta taɓa idona sai babban ɗana yana tsaye a kaina."

Ka san ban saba roƙonka ba, ko sunanka a bayan ambulan Dija ce ta rubuta mini, saboda kunyar ɗan fari. Amma yau na roƙa, ka nemi izinin manyanka.

Ka gai da mai ɗakinka, ku sa shi a addu'a. Ka aiko amsa ta hannun direban motar Garwa kafin wata ya tsaya, don in gaya masa wanda zai fara gani in an kwance masa ido.

Ni ce,
Innarku