Takardar Gadar Maamobi

Maamobi, Ankara, Ghana
29 ga Yuni, 1969

Zuwa ga uwargidana Lamisi,

Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganinki, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya. Yaya jikin Mma? Allah ya ƙara mata sauƙi. Yaya yara, yaya mutanen Salaga? Ni lafiya lau nake, sai kewa, sai kuma tuwon da nake tuƙawa da hannuna, wanda ko kajin gida sun ƙi shi.

Lamisi, ki zauna kafin ki ci gaba da karatu. Luba, 'yar maƙwabcinmu Baba Alidu, Allah ya yi mata rasuwa ranar Talata. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ruwa aka wuni ana yi, babbar gota, magudanar ruwan nan tamu, ta cika ta batse. Da ya ɗan tsagaita sai ta ɗauki tukunyar kokonta za ta tsallaka zuwa unguwar Nima kamar kullum. Kin san katakon nan guda biyu da muke takawa. Ɗaya ya ruɓe tun bara, kowa ya sani, ni ma na sani. Shi ya karye da ita. Sai bayan la'asar aka tsamo ta can ƙasa. Baba Alidu bai yi kuka ba, ga shi ita kaɗai ta rage masa a duniya. Yana zaune a ƙofar ɗaki yana amsa gaisuwa kamar ta wani ake yi masa.

Ni na kasa zama. Ranar Alhamis na rufe teburin agogona a unguwar Tudu na nufi ofishin nan mai bene, wanda ya kafa allo a bakin gotar shekara biyu ke nan cewa za a yi mana gada. Akawu ya buɗe fayil ya nuna mini da yatsa: wai an gama gadar tun bara, har da fenti. Kin san halin mijinki. Na ce ya taso da takalminsa mai sheƙi mu je ya haye ta, ni zan riƙe masa jaka. Da ƙeya aka fito da ni.

Yanzu takardar koke muke yi. Jamiu, Bayaraben nan mai kanti a unguwar Lagos Town, yana da tafireta, shi zai buga mana da Turanci. Abu biyu muke nema: a gina gadar, kuma a gaya mana wanda ya sa hannu cewa an gama ta. Kowa zai dangwala yatsa kusa da sunansa.

Baba Alidu ne ya ba ni wahala. Ya ce shekara arba'in da biyu yana ƙasar nan, tun da ya biyo shanu da ƙafa daga Dori, sunansa bai taɓa hawa takardar hukuma ba, shi ya sa yake barci lafiya. Na durƙusa a gabansa na rantse masa cewa duk abin da ya biyo baya a wuyana yake. Ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙo hannu.

Ki gaishe da Mma, ki shafa mini kan yara.

Mijinki,
Sayibu

Maamobi
7 ga Satumba, 1969

Lamisi tawa,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso, na ji daɗi da Mma ta fara cin abinci. Rubutunki ya gyaru ƙwarai, yanzu sau biyu kawai nake karanta layi kafin na gane. Kin ce in bar wa Allah. Na bar masa Luba, Lamisi, domin tasa ce. Amma gadar nan ba shi ya sa hannu cewa an gama ta ba.

Ga abin da ya faru. Takardar farko da muka kai, dawo mana da ita aka yi bayan sati biyar. Akawun ya ƙirga Musah tara, Alidu shida, Lariba biyar, ya yi dariya ya ce a ɗaki na zauna na ƙirƙiro mutane, na bi su da yatsuna goma. Wallahi ranar da ƙyar na haɗiye abin da ya zo bakina. Mutumin da bai taɓa sa ƙafa a Zango ba ne zai gaya mini Musah nawa ya kamata mu haifa?

Sai na ce to, zan rubuta kowa yadda muke kiransa a nan, da garinsa. Musah Sakkwato, Musah Dogon Dutsi, Musah Bawku, Lariba Zabarma, Alidu Dori. Na ƙara da kwatancen gidan kowa, tunda rabinmu ba mu da lamba: na bayan masallaci, na gindin mangwaro, na kusa da mai niƙa. Wanda ke shakka ya zo ya ƙwanƙwasa ya gani da idonsa.

A nan muka sami saɓani da Jamiu. Ya ce a bar maganar garuruwa, domin a kasuwa an fara zancen baƙi da wata irin murya da bai saba ji ba. Ya ce a bambanta mutane da sana'arsu. Na ce huɗu daga cikin Musah ɗin mahauta ne, yaya zan yi da su? Maganar ta yi zafi har na kira shi matsoraci a gaban masu sayayya. Sai ya ja tafiretarsa ya buga duka yadda na ce, da ya kai ƙarshe ya ƙara nasa, Jamiu Ilori, ya dangwala. Na ji kunya, amma ban ba shi haƙuri ba, kin san ba na iyawa da wuri.

Yatsu ɗari da sha huɗu muka tara. Baba Alidu na sa a sama, na ɗaya, don girmamawa, tunda shi ne uban mamaciya. Wannan karon sun karɓa, sun buga hatimi a gabana. Da na dawo, matan layinmu har guɗa suka yi mini, mai wake ta ƙi karɓar kuɗina. Na so a ce kina nan ki ga yadda mijinki ya zama wani abu.

A gaishe da kowa da kowa.

Naki har kullum,
Sayibu

Maamobi
23 ga Nuwamba, 1969

Zuwa ga Lamisi,

Ina gaisuwa, barkanku da shan ruwa. Ina fatan ke da Mma da yara kuna lafiya. Kada ki taso yanzu ko da Mma ta warke, motoci duk sun cika.

Na san labarin ya kai Salaga. Ranar Talata rediyo ya faɗa: duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin kwana goma sha huɗu. Cikin azumi, Lamisi. Da za ki ga Nima ba za ki gane ta ba. Gadaje da kekunan ɗinki da tukwane a bakin titi, ana sayarwa yadda ta kama. Masu neman takarda suna wuni a layi bakinsu a bushe, su dawo hannu wofi. Ni ba abin da zai taɓa ni, a Sabon Zango aka haife ni, ga kuma takardun aikin ɗan sanda na mahaifina. Amma tun ranar ba na jin ɗanɗanon abin buɗa baki.

Jamiu zai tafi jibi da iyalinsa, bai tsaya jiran komai ba. Ya zo har Tudu ya yi mini sallama. Na zaci zai tuna mini abin da ya faɗa, na ma shirya ji. Bai yi ba. Abu ɗaya ya roƙa, in je in karɓo takardar nan tun da sauran lokaci. Sau uku ina zuwa. Akawun ya ce fayil ya hau sama. Na ce wane sama, in bi shi? Ya ce ba a tambayar haka.

Da yawa a layinmu sun ce ba inda za su. Ƙaramin Musah Sakkwato a Nima aka yanke masa cibiya, Sakkwato garin ubansa ne kawai, ko hanyarta bai sani ba. Baba Alidu kuwa dariya ya yi, karo na farko tun rasuwar Luba. Ya ce wa zai kalli tsoho kamarsa ya ce baƙo ne, shi da yake jin yaren Ga fiye da masu shi? Ya ce matarsa da 'yarsa a ƙasar nan suke kwance, kusa da su za a sa shi. Ina jin ya manta da takardar. Ina zaune kusa da shi a kan tabarma, na buɗe baki zan tuna masa, na kasa.

Tsoro nake ji, ban taɓa gaya miki haka ba tun da muka yi aure. Ki sa mu a addu'a, ki ce Mma ma ta sa mu.

Mijinki,
Sayibu

Maamobi
21 ga Disamba, 1969

Lamisi, uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa, ina fatan kun yi Sallah lafiya, Mma kuma tana samun ƙarfi. Ki gafarce ni da jinkiri. Sau da yawa ina ɗaukar alƙalami in ajiye.

Sun zo kwana uku bayan cikar wa'adi, da hantsi, su takwas cikin kaki. Ba su yi ta bincike gida gida kamar yadda aka yi a wasu layuka ba. Takarda ce a hannun babbansu. Ban san ta yadda ta bar wancan ofishi ta zo hannunsa ba, kuma ba wanda zai gaya mini. Amma da ya fara kira na gane, domin yadda na jera su haka yake bi, har da na bayan masallaci da na gindin mangwaro. Ya tsallake Musah Bawku, ya tsallake ni, ya tsallake duk wanda garinsa ke cikin ƙasar nan. Sauran duka aka fito da su. Sunan farko da aka kira a layinmu shi ne Alidu Dori.

Na yi ihu, na ce takardar gada ce, ni na rubuta, ni za a kama. Ɗayansu ya duba takarduna ya ce in koma gida, ba ni da laifi.

Washegari na same su a tashar mota, an cika babbar mota da su ana jiran direba. Na kutsa har gefen da Baba Alidu yake, na kama ƙarfen motar na roƙi gafararsa. Ya ce yana azumi, ba zai yi mini ƙarya ba. Ya ce takardar ya yafe, don Luba muka yi ta mu duka. Amma kada in sake rantse wa kowa cewa abu a wuyana yake, domin ga wuyana nan a ƙasa lafiya lau, shi kuma ga shi a mota. Sannan ya ciro mabuɗin ɗakinsa ya ce in ba ki, tukwanen Luba naki ne. Bai san kowa a Dori ba, Lamisi. Tsoho ne mai ciwon ƙafa, ko bargo bai ɗauka ba, kuma har yau ban ji ko ya isa ba.

Ranar Sallah sahu biyu muka yi a masallacinmu. Ba wanda ya zage ni, da ma sun zaga da na ji sauƙi. Gaisuwa kawai ake yi mini a taƙaice a wuce.

Ranar Litinin amsa ta zo daga ofishin, a cikin ambulan mai kyau. Wai sun bincika, sun tarar yawancin masu koken ba sa zaune a gidajen da aka ambata, saboda haka an rufe maganar. Na karanta na sake karantawa, na zauna a bakin gota har azahar. Katako ɗaya ne ya rage a kanta, mata suna bi da kaya a ka.

Na sake rubuta wata da hannuna, ba gari, ba kwatancen gida. Kwana huɗu ina yawo da ita. Maza su ce sai sun yi shawara, mata su tura hannu cikin mayafi tun daga nesa. Ban ga laifin kowa ba. Sunana kaɗai ne a kanta, kuma a ofishin sun ce ba sa karɓar koken mutum ɗaya.

Don haka ina tambayarki, idan Allah ya dawo da ke, ko za ki sa naki a ƙarƙashin nawa. Ban san abin da zai biyo baya ba, kuma ba zan rantse miki komai ba. In kin ce a'a, ba zan sake tayar da maganar ba.

Ki gaishe da Mma da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Sayibu